Gyaran asibitocin gwamnati a Najeriya da halin da ma'aikatan lafiya ke ciki: tambayoyi da amsoshi

Tun daga shekarun 1980 babu gwamnatin da ta hau mulki a Najeriya ba ta yi alkawarin gyara harkar lafiya ba. An sa hannu a dokoki, an kafa hukumomi, an sauya hanyar biyan albashi, an buɗe asusu an rufe wasu. Wanda duk waɗannan sauye-sauye ke sauka a kansa shi ne mutumin da ke tsaye a bakin gadon majinyaci, kuma shi ne ba a cika tambayar yadda ya kwana ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne na fi ji daga masu jinya da dangin ma'aikata.

Idan an ce "gyaran asibiti", me ake nufi?

Yawancinmu da mun ji gyara sai hankalinmu ya tafi ga fenti, sabon rufi da gwamna yana yanke ƙyalle. Wannan kwaskwarima ce. Gyaran da ake nufi a nan shi ne sauya ƙa'idojin da asibiti ke tafiya a kansu: wa ke ɗaukar ma'aikata, ta ina albashi ke fitowa, wa ke biyan kuɗin magani, wa ke da ikon taɓa kuɗin da asibitin ya tara.

A 1986 gwamnatin Babangida ta shiga shirin SAP na tsuke bakin aljihu, a daidai lokacin da ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ƙoƙarin kai lafiya matakin farko ƙauyuka. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya ce majinyaci ya sayi magani a riƙa juya kuɗin don kada kantin asibiti ya bushe. Zamanin Obasanjo aka miƙa shara da gadi ga 'yan kwangila, aka kuma ƙaddamar da inshorar lafiya a 2005. Tsarin albashi na IPPIS ya zo a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa a 2014, tilasta asusun bai-ɗaya na TSA a 2015, dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022. A Disambar 2023 minista Muhammad Ali Pate ya haɗa gwamnonin jihohi 36 suka sa hannu a wata yarjejeniya ta sabunta ɓangaren lafiya.

Wani abu da ke rikita mutane: asibitocin gwamnati ba ubangida ɗaya gare su ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato na tarayya ne. Manyan asibitocin garuruwa na jihohi ne. Na sha-ka-tafi kuwa suna tsakanin jiha da ƙaramar hukuma. Shi ya sa za a sanar da ƙarin alawus a Abuja, nas ɗin da ke asibitin jiha ta ji a rediyo kamar kowa, ba ta gani a asusunta ba.

Me ya haɗa waɗannan dokoki da yadda ake duba majinyaci?

Lokacin da nake jinyar mahaifiyata a ɗakin mata na wani babban asibitin jiha, nas ɗaya ce ke kwana da ɗakin gaba ɗaya. Wajen ƙarfe biyu na dare wuta ta ɗauke, ga wata dattijuwa allurar ƙarin ruwanta ta goce. Na ga ta kunna fitilar wayarta ta riƙe da haƙora, hannu biyu suna neman jijiya. Ba ta gama ba aka kira ta daga ƙarshen ɗaki. Kafin asuba na same ta a teburi ta tasa manyan rajistoci a gaba tana cikewa, takalmanta a gefe saboda ƙafafun sun kumbura.

Na ce, "Sista, ke kaɗai ce kullum?"

Ta ce, "Malam, da mu huɗu ne muke karɓa-karɓa. Biyu sun tafi Saudiyya, Hajiya ta yi ritaya. Har yau muna jiran a kawo wasu."

A cikin wannan amsar akwai dokar ɗaukar ma'aikata, akwai albashi, akwai kuɗin wuta, akwai sababbin takardun da kowane shiri ke zuwa da nasa. Mutumin da ya kwana bai runtsa ba yakan manta sa'ar magani, yakan karanta rubutun likita ba daidai ba, yakan daka wa mai jinya tsawa. Babu horon da ke hana jiki gajiya.

IPPIS da TSA ai don toshe sata aka kawo su. Me ya sa ma'aikata ke kuka da su?

Gaskiya ne, kuma dalilin kawo su mai ƙarfi ne. Ma'aikatan bogi sun daɗe suna cin albashi, hukumomi kuma suna ɓoye kuɗi a bankuna barkatai. Babu ma'aikacin kirki da ke son a koma can.

Inda gizo ke saƙar shi ne an ɗauke iko daga asibiti an kai Abuja ba tare da an tanadi hanyar gyara kuskure da sauri ba. Da, idan albashinka bai fito daidai ba, ka taka zuwa ofishin akanta a cikin asibitin. Yanzu sai a rubuta, a aika, a jira. Sabon ma'aikaci na iya yin watanni yana aiki kafin sunansa ya hau tsarin. A farkon 2021, bayan an mayar da rabon guraben likitoci 'yan shekarar farko hannun hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, MDCN, da yawansu sun yi watanni ba albashi, kuma wannan na cikin abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, a watan Afrilun shekarar.

TSA kuma ya sa kuɗin da majinyata ke biya a asibitocin tarayya suna shiga asusu a Babban Banki. Hakan ya rage wawura, amma asibiti ba ma'aikatar da ke iya jiran takarda ba ce. Iskar oksijin idan ta ƙare da tsakar dare, a daren ake bukatarta. Idan sayen safar hannu ko man janareta ya maƙale a tsakanin ofisoshi, wanda zai rubuta wa dangi "ku je ku sayo a waje" shi ne ma'aikacin da ke bakin aiki, kuma shi zai sha kallon ɓarawo.

Idan ma'aikaci ya tafi, me ya hana a maye gurbinsa nan take?

Shugaban asibitin tarayya ba shi da ikon ɗaukar mutum don kawai gurbi ya buɗe. Sai ya nemi izini daga ofishin shugaban ma'aikatan tarayya, a duba kasafi, hukumar raba daidai ta sa baki, sannan a sa sunan a IPPIS. Kafin a gama wannan zagaye wasu sun sake tafiya. Shi ya sa NARD ta daɗe tana neman a ba asibitoci damar maye gurbi ɗaya da ɗaya, wato duk wanda ya fita a ɗauki wani a madadinsa tunda albashinsa na cikin kasafi. Wannan bukata na cikin manyan dalilan yajin aikinsu na Yulin 2023.

Kafin izini ya zo, asibitoci kan ɗauki ma'aikatan wucin gadi su biya su daga abin da suka tara. Sai ka ga mutum biyu a ɗaki ɗaya suna aiki iri ɗaya, ɗaya na da fansho da ƙarin girma, ɗaya ba shi da tabbacin wata mai zuwa. A asibitocin karkara na Arewa abin ya fi haka ciwo: matasa da suka gama makarantar koyon aikin lafiya suna shekaru a matsayin 'yan sa-kai, su ke riga-kafi, su ke awo, da fatan ranar da za a ɗauki aiki a tuna da su.

Ai an sha yi musu ƙarin albashi. Har yanzu bai isa ba?

An yi. Alawus ɗin haɗari ya daɗe a kan naira 5,000 a wata, har cutar korona ta zo ta same shi a haka. A ƙarshen 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 15,000 da 40,000 gwargwadon aiki da matsayi. A Yulin 2023 aka amince da ƙarin kashi 25 cikin 100 ga yawancin matakan albashin likitoci da ma'aikatan lafiya na tarayya.

Sai dai a duba kwanan watan. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta kai 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500. Ƙarin kashi 25 a irin wannan yanayi kuɗin mota ne ya cinye shi, ga ariyas ɗinsa ma sai da aka yi ta bi.

Jihohi kuma ba dole ba ne su bi abin da tarayya ta yanke. Kafin a yi maganar Ingila ko Saudiyya, akwai hijirar cikin gida da ba a cika lissafa ta ba: daga asibitin ƙauye zuwa na birni, daga na jiha zuwa na tarayya, daga nan zuwa ƙungiyoyin agaji. A 2001, a Abuja ɗin nan, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Kasafin tarayya yawanci yana yawo tsakanin kashi 4 da 6. Jihohi irin su Kano, Kaduna da Bauci sun kai kashi 15 a takardar kasafi, abin yabawa ne, amma abin da ma'aikaci ke ji a jikinsa shi ne wanda aka saki.

Me ya sa likitoci da sauran ma'aikatan lafiya ba sa ga-maciji?

Tun 2009 aka raba musu tsarin albashi: CONMESS na likitoci, CONHESS na nas-nas, masu harhaɗa magani, 'yan ɗakin gwaji da sauransu. A 2014 aka gyara na likitoci. Gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, JOHESU, ta ce a gyara nasu haka nan, likitoci kuma suka ce dole tazarar ta tsaya yadda take. A kan wannan JOHESU ta yi kusan mako shida tana yajin aiki a 2018, gwamnati ta riƙe albashin waɗancan watanni. Akwai kuma rigimar wa ya cancanci shugabancin asibiti. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Yayale Ahmed ya miƙa rahoto kan wannan rashin jituwa a 2014, amma wutar ba ta mutu ba.

A ganina gwamnati ce ta fi kowa alhaki, don takan zauna da kowane ɓangare daban ta yi masa alkawarin da zai fusata ɗayan. Majinyaci kuwa jikinsa ɗaya ne. Tiyata ba ta yiwuwa sai da mai sa barci, mai miƙa kayan aiki, mai gwada jini da mai wanke ɗakin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Me zai hana a hana su fita ƙasar waje kawai? Ai da kuɗin talakawa aka koyar da su.

Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma an gwada. A 2023 wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu, ya kuma sha suka. A Fabrairun 2024 hukumar nas-nas da ungozomomi ta ce ba za ta tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara biyu da gama karatu, nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Minista Pate da kansa ya ce a 2024 likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a Legas, Abuja da manyan birane. Najeriya na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kada a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikata, amma wannan bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ba.

Kulle ƙofa na iya tsare jikin mutum, sai dai wanda aka tsare da ƙarfi ƙirga kwanaki yake yi. A Agustan 2024 shugaba Tinubu ya amince da wata manufa kan hijirar ma'aikatan lafiya wadda ta yi maganar rage sa'o'in aiki, kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata da ƙarfafa masu aiki a karkara. Hanyar da ta fi dacewa ke nan, idan ta sauka daga takarda. An kuma ƙara guraben ɗalibai a makarantun likitanci da na jinya daga 28,000 zuwa 64,000. Amma malaman da za su koyar da su ma suna cikin masu tafiya, kuma wanda aka yaye ba a ɗauke shi aiki ba, an yi wa wata ƙasa tanadi ne.

Asibitocin karkara fa? Akwai gyaran da ya amfani ma'aikatansu?

Akwai, kuma a nan ne na fi ganin abin da ke faranta rai.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, naira biliyan 55. Sabon abin da ya zo da shi shi ne wani kaso na kuɗin yana shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye, shugaban asibitin da wakilin kwamitin ci gaban mazaɓa su tsara abin da za a yi da shi. A shekarun farko kimanin naira 300,000 ne duk wata uku. Kuɗi kaɗan ne, amma ga wanda ya saba rubuta wasiƙa zuwa sakatariya yana jiran ƙwan fitila, samun ikon gyara famfo, sayen sabulu da auduga, ko biyan mai gadi ba ƙaramin abu ba ne. Yana dawo wa mutum da mutuncinsa a idon garin. Matsalar ita ce jinkiri: idan zango ɗaya ya wuce ba a turo ba, bashin mai gyaran famfo a wuyan shugaban asibitin yake.

A 2011 majalisar lafiya ta ƙasa ta amince a tattara duk harkar lafiya matakin farko ƙarƙashin hukuma ɗaya a kowace jiha. A inda aka yi shi da gaske, ma'aikata sun huta da halin da albashinsu ke hannun shugaban ƙaramar hukuma, magani daga wata ma'aikata, umarni daga wata. Jigawa ta riga kowa gwada irin wannan da tsarin Gunduma tun 2007.

Manufar raba aiki ta 2014 kuma ta halatta wa jami'an lafiyar al'umma da aka horar su yi wasu ayyukan ungozoma da nas, kamar karɓar haihuwa da ba da magungunan tsayar da jini. A ƙauyen da babu ungozoma wannan ya ceci rayuka. Amma an ƙara musu nauyi ba a ƙara musu matsayi ko albashi ba, kuma idan haihuwa ta rikice da dare, ba mota ba likitan da za a kira, mace ɗaya ce ke fuskantar dangi. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya nuna darasi makamancin haka: tarayya, jiha da ƙaramar hukuma kowa zai biya kaso, ƙaramar hukuma ta ba da masauki, kuma a wurare da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma bai fito ba, ungozomomin suka tattara suka koma. Abin da ya fi ɗorewa a Arewa shi ne a ɗauko 'yar garin a koyar da ita ta dawo gida, kamar yadda aka yi a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara da azuzuwan share fage ga 'yan matan karkara masu son shiga makarantun ungozoma. Ita ba ta bukatar masauki, kuma mazan garin sun yarda matansu su je wurinta.

An ce biyan lada gwargwadon aiki na sa ma'aikata ƙwazo. Haka ne?

An gwada a Adamawa, Nasarawa da Ondo a shirin NSHIP da Bankin Duniya ya tallafa, an fara da ƙananan hukumomin Fufore, Wamba da Ondo ta Gabas. Aka raba asibitoci gida biyu. Wasu ana biyan su bisa yawan haihuwa, riga-kafi da ingancin aikinsu, suna iya raba har rabin kuɗin a matsayin lada ga ma'aikata. Wasu kuma ana tura musu rabin wancan kuɗin kai tsaye, ba lada, su gudanar da asibiti.

Da aka auna, duka biyun sun fi asibitocin jihohin da ba sa cikin shirin. Masu lada sun yi fice a yawan matan da ke haihuwa a asibiti, amma a yawancin sauran ma'aunai tazarar ba ta da yawa. Abin da na ɗauka a nan shi ne ma'aikatanmu ba rashin niyya ke damun su ba. Da aka ba su kayan aiki, ikon yanke shawara da mai zuwa duba su akai-akai, sun tashi. Lada kuma yana da nasa haɗari: yakan sa a fi kula da abin da ake ƙirgawa, kuma ranar da shirin ya ƙare aka daina biya, gwiwa kan yi sanyi fiye da da.

Me ya sa sai an biya kafin a taɓa majinyaci? Ba rashin imani ba ne?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya haramta ƙin karɓar wanda ke bukatar agajin gaggawa, kuma akwai dokar 2017 da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mai jinya ya san wannan haƙƙi nasa ne.

Amma asibitoci an bar su su nemi kuɗin gudanarwa da kansu. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, kuma manyan asibitoci da dama suna cikin rukunin. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda ya fi kowanne daɗewa a ƙasar, ya yi sama da wata uku wutarsa a yanke daga ƙarshen Oktoban 2024 saboda bashi. Asibitin da ke cikin wannan hali zai matsa wa kowane sashe ya kawo kuɗi. Inda aka yi shelar magani kyauta ba a turo kuɗinsa ba, ko inshora ta jinkirta biya, kanti kan bushe. Gwamna ya faɗa a rediyo kyauta ne, mai jinya ya zo ya tarar babu, wanda zai ci zagi, wani lokaci har mari, ita ce yarinyar da ke bayan taga. Na san ma'aikatan da ke haɗa karo-karo daga aljihunsu su saya wa marar galihu jini ko allura.

To duk wannan uzuri ne ga nas ɗin da ta wulaƙanta matata a ɗakin haihuwa?

A'a. Zagi, duka ko banzatar da mai naƙuda laifi ne, kuma yana cikin abin da ke sa mata su gwammace haihuwa a gida. A kai ƙara ga shugabar ɗakin ko ofishin karɓar koke na asibitin, idan abin ya yi girma har hukumar da ta ba ta lasisi. Akwai masu mugun hali a kowace sana'a, akwai masu karkatar da majinyata zuwa asibitinsu na kuɗi, akwai masu sa hannu su ɓace. Sai dai idan ka ga wadda ta fara aiki da fara'a shekara biyar baya yau ta zama ba ta kallon fuskar kowa, a hukunta ta idan ta yi laifi, a kuma tambayi haihuwa nawa take karɓa ita kaɗai a dare ɗaya.

Wane haɗari suke fuskanta ban da gajiya?

A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano bayan sun yi wa wata mai ciki tiyata. A Agustan 2023 wata matashiyar likita ta rasu a Legas da lif ɗin masaukin likitoci ya faɗo da ita, lif ɗin da abokan aikinta suka ce sun daɗe suna kuka da shi. A Disambar 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan asibitin ido na Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannun 'yan bindiga. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato akwai asibitocin da aka rufe ko ba a kwana a cikinsu. Ma'aikacin da aka tura irin wannan wuri ya ƙi zuwa, kafin a kira shi marar kishi a tambaya ko akwai katanga, fitila da hanyar da zai bi ya koma gida lafiya.

Yajin aiki na kawo gyara kuwa?

Yana kawo sa hannu a takarda, kuma talaka ne ke biyan kuɗinsa da ransa, don mai hali yana da asibitin kuɗi. A Agustan 2014, ana tsakiyar fargabar Ebola, gwamnatin Jonathan ta sanar da korar likitoci masu neman ƙwarewa 16,000, daga baya ta janye. A 2021 NARD ta yi wata biyu cur daga Agusta zuwa Oktoba, aka kai ta kotu. Idan ka jera bukatun waɗannan shekaru za ka ga kusan iri ɗaya ne: ariyas, kuɗin horo da dokar horar da likitoci ta 2017 ta tanada, maye gurbi, alawus. Yawancinsu abubuwa ne da an riga an amince da su a zaman baya. Ina ganin ya wajaba ƙungiyoyi su bar sashen gaggawa da ɗakin haihuwa a buɗe ko da me ake ciki, ya kuma wajaba gwamnati ta daina sa hannu a abin da ba ta sa a kasafi ba.

Idan aka sanar da sabon gyara a jiharmu, me zan duba in san na gaske ne?

Kada ka tsaya a ginin. Ka je asibitin bayan isha'i ka ƙirga masu farin kaya da ke ɗakin haihuwa. Ka tambaya ko sabon sashen da aka buɗe an ɗaukar masa ma'aikata ne ko daga tsohon aka tsakuro. Ka tambaya ko akwai ruwa a famfon ɗakin, ko solar na kai wa asuba, ko ungozoma na da inda za ta kwana da ƙofa mai makulli.

Idan asibitin mazaɓarku na cikin masu karɓar kuɗin BHCPF, kwamitin ci gaban mazaɓa na da hannu a asusun, kuma mambobinsa mutanen unguwa ne da ka sani. Ka nemi shugabansa ka ji yaushe kuɗi suka shigo na ƙarshe da abin da aka yi da su. Ka tambayi shugaban asibitin mutum nawa ne a cikin ma'aikatansa ke karɓar albashi, nawa ne 'yan sa-kai, kuma shekara nawa suka yi a haka. Ka rubuta amsar ka kai wa kansila da ɗan majalisar jiharku kafin a zauna kan kasafin shekara mai zuwa.